Lambar da Lindsay Treloar Bai Ɗaure Ba

Lindsay Treloar mutum ne da ba ya zuwa inda ba a kira shi ba. Duk garin Merriwin an san shi da wannan. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa a kafaɗa, kullum cikin riga mai ruwan toka, da ƙaramar sukudireba a aljihun ƙirji inda wasu ke soke biro. Idan ka gaishe shi zai amsa. Idan ba ka gaishe shi ba, ba zai riƙe ka a rai ba.

Ubansa gyaran tafireta yake yi, a wani ɗan shago da ke daura da rumbunan alkama na bakin layin dogo. A nan Lindsay ya koyi zama shiru a gaban injin da ya ƙi aiki, har sai injin ya nuna inda ke masa ciwo. Da zamanin tafireta ya wuce, uban ya rufe shago ya koma kiwon kaji, ɗan kuma ya sami aiki a ofishin ƙaramar hukuma. Lokacin firinta ɗaya ce a duk ginin, ƙatuwa mai ƙarar tsiya, an ɗaure ta da kwamfuta ɗaya da igiya mai kaurin yatsa. Mai son buga takarda sai ya taso da ƙafarsa. Daga baya aka ja wayoyi cikin rufi da bango, aka haɗa ofisoshi a kan layi guda, firintoci suka yawaita: ta ofishin haraji, ta garejin manyan motoci, ta wurin ninƙaya na gari, ta laburare biyu. Duk suka zama na Lindsay.

Aikinsa yana da tsari, kuma tsarin ba shi da wuya a faɗa. Kowace firinta yakan ba ta lamba, kamar yadda gida ke da lamba a kan titi, ya ɗaure mata ita don kada ta sauya. Sai ya rubuta lambar a farin tef ya manna a gefenta. Daga nan ya bi teburori ɗaya bayan ɗaya, ya roƙi mai tebur ya ɗan matsa, ya zauna ya gaya wa kwamfutar: firintarki tana lamba kaza, can za ki riƙa aikawa. Firinta ba ta neman kowa. Tana nan zaune inda aka ajiye ta, sai wanda ya san lambarta ya same ta. Idan an ɗauki sabon ma'aikaci, ko an sayo sabuwar kwamfuta, a kira Lindsay. Ta haka ya san kujerar kowa, da wanda ke ɓoye alewa a aljihun tebur, da wanda ya cire hoton matarsa daga jikin bango.

Tasa matar, Beryl, ta rasu a wata shekarar fari. Ciwon bai daɗe ba. Mutane suka kawo abinci a kwanuka har firij ya cika, ya ci abin da ya iya, ya wanke kwanukan ya mayar wa masu su. Ranar Litinin ya koma aiki. Waɗanda suka zuba ido su ga ya karye ba su ga komai ba, don ba abin da ya sauya a fuskarsa. Abincin ne dai ya daina yi masa ɗanɗano, rediyon motarsa ya lalace bai gyara ba, lambun Beryl ya bushe yana kallo ta taga. Ba baƙin ciki yake ji ba, a yadda mutane ke nufi da kalmar. Kamar dai ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta ce: ka taɓa, ka san taka ce, amma ba ka ji.

Akwai ƙaramin laburare a Yallabool, tafiyar sa'a guda da ɗoriya a kan hanyar da rabinta tsakuwa ce. Garin ba shi da yawa: rumbun alkama, mashaya, coci, da tsohon zauren taro wanda aka yanki ɗaki ɗaya a cikinsa aka jera littattafai. Ana buɗewa Talata da Juma'a. Mai kula da shi Glenys Pfeiffer ce, gajeruwa mai farin gashi da babbar murya, wadda mijinta ya mutu ya bar mata gona ta ba da haya. Manoma kan shigo wurinta su buga takardun tumaki da na inshora, tsofaffi su buga hotunan jikoki.

Wuta ba ta zama a Yallabool. Iska ta kaɗa, reshe ya faɗa kan waya, sai a ɗauke. Duk sa'ad da ta dawo, akwatin da ke raba layi sai ya ba firintar Glenys sabuwar lamba, kwamfutar kuwa ta ci gaba da aikawa tsohon gida. Sai waya ta yi ƙara a teburin Lindsay.

"Treloar, ta sake ɓata."

"Ina zuwa, Misis Pfeiffer."

Maganin abin bai fi shan kofin shayi ba. Ya ɗaure mata lamba kamar sauran, ya manna farin tef, shi ke nan har abada. Zuwansa na farko ya yi niyyar yin haka. Ya ma ciro tef ɗin. Sai Glenys ta turo masa faranti da kek mai kwakwa, ta zauna a kan akwatin littattafai, ta shiga ba shi labarin wani rago da ya shiga coci ana tsakiyar wa'azi. Ya saurara. Can ya ji wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, sai da ya ɗan dakata kafin ya gane dariya ce. Ya duba sabuwar lambar da firintar ta samu, ya gaya wa kwamfutar, ya mayar da tef aljihu.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Wani watan sau ɗaya, lokacin iska sau uku. Ya ɗauki a-kori-kurar hukuma, ya bi ta tsakanin gonakin alkama, ya rage gudu inda kangaru, dabbar dajin nan mai tafiya da tsalle, ke tsallakawa. Tun daga inda kwalta ta ƙare yakan fara jin yunwa, abin da ba ya ji a gida.

"Ka zo, likitan da ba ya warkarwa?" Haka take tarbarsa.

"Na zo."

"Wai kai, a makarantar da ka yi ba a koya muku gyara na gaskiya ba? Mai gyaran famfona sau ɗaya ya zo, ban sake ganin ƙeyarsa ba."

"Wutar garinku ce."

"Wutar garinmu. To zauna, ruwa ya kusa tafasa. Kada ka taɓa min ita da yunwa, ka ƙara lalata ta."

Glenys takan shigo Merriwin kai rahoto ofis, kuma idonta ba ya wuce abu. Ta ga farin tef a gefen kowace firinta a ginin. Ta san tata ba ta da shi. Ba ta taɓa tambaya ba. Akwai ma ranar da ta kira, ya iso, ya lura agogon lantarki da ke kan kantar laburaren yana tafiya daidai, alhali da an ɗauke wuta da lambobinsa na ƙyaftawa. Ya dubi agogon, ya dubi soket ɗin da ke bayan firintar, inda ƙura ta goge a wuri ɗaya kamar sawun hannun wanda ya zare filogi. Shi ma bai tambaya ba. A tsakaninsu ba a taɓa faɗin abin da ya wuce ragon coci, farashin ulu, da gwiwarta mai ciwo ba. Har yau Misis Pfeiffer yake ce mata.

Sai hukuma ta ɗauko Darcy Nankervis daga birnin Adelaide ya shugabanci sashen kwamfuta, sashen da a da Lindsay ne kaɗai a cikinsa. Darcy mutumin kirki ne, mai iyali, mai fara'a, kuma ya san aikinsa. Ya zagaya ginin mako guda yana karanta fararen tef, ya yaba da tsabtar aikin. Ranar nan a wurin shayin safe, a ɗan ɗakin girki na ofis, ya faɗi abin da ya zo da shi.

"Dattijo, aikinka ba shi da aibu, na rantse. Amma gwiwoyinka fa? Firintocin yanzu su ke sanar da kansu. Ka kunna ta, ta yi shela a kan layi: ga ni, sunana kaza, ina buga mai launi, ina buga gaba da baya. Kowace kwamfuta ta ji, kowace waya ta ji. Ba lamba, ba zagaye teburori. Ko lambar ta sauya sau goma a yini, ita za ta sake cewa ga ni."

Raelene ta teburin karɓar baƙi, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ajiye kofinta.

"Kai, Darcy, a hankali. Ka ce firinta ta fi Lindsay baki ke nan? Shekara nawa muna tare, ban taɓa jin ya ce ga ni ba."

Aka yi dariya. Lindsay ma ya ɗan motsa leɓe.

"To wa zai riƙa zama min a kujera yana sauke min ita ƙasa?" in ji ta. "Kullum ya tashi sai na ga kaina a ƙarƙashin tebur."

"Za ki huta, Raelene," in ji Lindsay.

"Kai ne za ka huta, tsoho. Ka sayi ƙugiya ka tafi kogi kamar sauran tsofaffi."

Darcy ya dube shi da kulawa. "Ba korar ka ake yi ba, mutumina. Aiki na nan jibge. Tafiye-tafiyen banza ne kawai za su ragu."

"Na gane," in ji Lindsay. Ya wanke kofinsa ya kife.

Shi da kansa ya yi aikin. Tsofaffin firintocin da ba su iya shela ba aka kwashe, aka kawo sababbi, masu ɗan dama-dama kuma aka buɗe musu baki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɓare farin tef da farce. Wani ya fita salin-alin, wani ya bar danƙo. Abin ya yi aiki yadda Darcy ya faɗa, har ya fi. Raelene ta buga takarda daga wayarta tana tsaye a bakin ƙofa, ta yi ihu kamar ta ci caca. Lindsay ya tsaya yana kallo. Ya nemi wani abu a ransa game da wannan, haushi ko mamaki, bai samu ba.

Yallabool ya bari a ƙarshe. Sabuwar firintarta ta zauna cikin kwali a bayan ƙofar ofishinsa har ƙura ta hau. Yau ya ce hanya ta lalace, gobe ya ce motar na gareji. A cikin wannan jinkiri Glenys ta kira sau biyu, ya je sau biyu, bai ɗauki kwalin ba.

Darcy ya leƙo wata safiya, ya dafa kwalin.

"Dattijo, wannan baiwar Allah ta Yallabool, ita ta fi kowa shan wahala. Na duba, ba wanda ya kai ta kira. Ita ya kamata mu fara yi wa. Ko in kai da kaina? Ban taɓa ganin garin ba."

Lindsay ya dubi kwalin.

"A'a. Ni zan kai."

Ranar Juma'a ya kai. Alkama ta fara ja, iska na kwantar da ita. Inda kwalta ta ƙare ya jira yunwar nan, ba ta zo ba. Glenys na tsaye a barandar zauren lokacin da ya sauke kwalin.

"Me ka ɗauko mana haka, akwatin gawa?"

"Sabuwa ce. Hukuma ta saya."

"Tsohuwar me ta yi muku?"

"Ba ta iya magana ba."

"Su waye suka iya?"

Ya shigar da ita, ya zare tsohuwar, ya share wurin da tsumma. Bai ɗauki lokaci ba. Ya kunna, ta yi ɗan gurnani, fitilarta ta tsaya. Ya ce Glenys ta duba kwamfutarta. Sunan firintar na nan ya fito da kansa, ba wanda ya rubuta shi. Ta latsa, takarda ta fito.

"To, idan aka ɗauke wuta fa?" Muryarta ta ɗan sauka.

Lindsay ya sunkuya ya zare filogin daga bango, na firintar da na akwatin layi duka. Suka tsaya suna jira, ana jin ƙudan da ke bugun gilashin taga. Ya mayar. Fitilu suka yi ta ƙyaftawa, suka natsu. Sunan ya ɓace daga allon kwamfutar, jim kaɗan ya dawo.

"Ta dawo da kanta," in ji Glenys.

"Haka aka yi ta."

"Kowane lokaci?"

"Kowane lokaci."

Ta juya ta shiga ɗan lungun da take dafa ruwa, ta daɗe fiye da yadda ruwa ke buƙata. Ta fito da shayi da kek. Suka zauna, shi a kujerar yara masu karatu, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓa, ita a kan akwatin littattafai. Ta ce 'yarta da ke garin Mildura na ta matsa mata ta sayar da gonar ta koma can, wai gwiwar nan ba ta zaman kaɗaici ba ce. Ya ce Mildura akwai likitoci. Ta dube shi, ta ce haka ne, akwai su.

Da ya ɗauki tsohuwar firintar zai fita, ta riƙe masa ƙofa.

"To, likita, ka warkar a ƙarshe."

"Ya kamata tun tuni."

"Ban ce ba." Ta gyara tabaranta. "Ina nan dai Talata da Juma'a, Lindsay. Ƙofar ba ta da wuyar turawa. Mutane na shigowa ko ba su da abin bugawa."

Bai taɓa jin sunansa na fari a bakinta ba. Ya tsaya da nauyin firintar a hannu, igiyarta na jan ƙasa.

"Sai an jima, Misis Pfeiffer."

Girbi ya zo, manyan motoci suka cika hanya, ƙura ta tashi ta kwanta. Aka yi iska mai ƙarfi sau da dama, irin wadda a da kafin ta lafa yakan duba man mota. Wayar teburinsa ta yi ƙara, amma a kan wasu abubuwa: wani ya manta kalmar sirrinsa, wata allon kwamfutarta ya yi baƙi. Darcy ya koya masa gyara irin waɗannan daga inda yake zaune, ba sai ya tashi ba. Ya koya, ya iya. Yakan zo da safe, ya tashi da yamma, ya ɗumama abincin gwangwani, ya ci a tsaye.

Talata da Juma'a yakan san ranar ce tun kafin ya buɗe ido. Ba ya yin komai a kai. Sau ɗaya ya ɗauki waya ya danna rabin lambar laburaren, sai ya rasa abin da mutum ke cewa bayan gaisuwa idan ba abin da ya lalace, ya ajiye. Raelene ta taɓa tsayawa a ƙofarsa ta ce, "Kai tsoho, ba ka kewar kek ɗin Yallabool? Ka rame fa." Ya ce sukari ba ya yi masa kyau.

Sai da sanyi ya shigo, aka yi shuka, gonaki suka yi kore, sannan wata Talata ya ce wa Darcy yana son hutun yini ɗaya. Darcy ya ce ya ɗauki mako ma idan yana so. Ya sa rigar da ba ta aiki ba, ya bar sukudireba a kan tebur, ya shiga motarsa ta kansa. A hanya ya tsaya a shagon burodi ya sayi kek, ya ajiye a kujerar gefe. Bai shirya abin da zai ce ba. Ya yi ta tuƙi.

Ƙofar laburaren a buɗe take. A bayan kantar akwai wata mata da bai sani ba, matsakaiciya, da jariri a cikin keken turawa kusa da ita.

"Sannu da zuwa. Littafi ko bugawa?"

"Misis Pfeiffer fa?"

"Glenys? Ai ta koma Mildura tun bayan girbi. An yi mata liyafa a nan zauren, har da kuka. Ba ka ji ba? Kai ɗan uwanta ne?"

"A'a. Daga hukuma nake. Ni ke duba firinta."

"Wayyo, sun taso ka tun daga Merriwin a banza? Lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa ba ni matsala ba. Ranar Juma'a ma aka ɗauke wuta, ta dawo abinta. Tsaya ka gani."

Kafin ya ce wani abu ta ciro wayarta ta latsa. Firintar ta yi gurnani, ta turo takarda: hoton jaririn ne, sanye da hular ulu, yana dariya ba haƙori. Matar ta miƙa masa.

"Ka gani? Ko wayar tawa ba ta san lambarta ba. Riƙe, na ba ka, ina da su da yawa."

Takardar na da ɗumi, kamar an ciro ta daga ƙirjin wani. Ya riƙe ta da hannu biyu. Ya ce aikin ya yi kyau, ya ajiye mata kek ɗin a kan kantar, ya ce na masu karatu ne. Ta yi godiya, jaririn ya fara motsi, ta juya wurinsa.

A mota bai tayar da injin nan da nan ba. Ya zauna da takardar a kan gwiwa, tafin hannunsa a kanta, yana kallon rumbun alkama ta gilashi, har ta huce.